Ranar da Babban Ruwa Ya Bar Gidansa a Buɗe

Wata safiya mutanen Tungar Kanya suka tashi suka tarar gulbinsu ya tafi. Ba ƙafewa ya yi ba irin ta rani, da ruwa ke ja kaɗan-kaɗan yana barin tabkuna a baya. Tashi ya yi ɗungurungum, da kifinsa da kadojinsa da kainuwarsa, ya bar musu dogon rami da jirage a kife kan laka. Wata tsohuwa da ta fito alwalar asuba ta rantse ta ga wutsiyarsa tana shigewa ta bayan tsamiya, kamar maciji zai faɗa rami.

Mutanen garin kuwa masunta ne tun kaka da kakanni, ba su iya komai ba sai ruwa. Sarkin Ruwa Bagudu ya tsaya bakin gaɓa ya daɗe yana kallon lakar, sannan ya ce, "Ruwan da kakana ya ƙulla amana da shi ba zai tafi haka nan babu sallama ba. Za mu bi sawunsa, mu ji laifin da muka yi masa."

Aka ɗaura wa jakuna kaya, da homa da taru da gorunan kamun kifi, aka gangara cikin ramin gulbin aka miƙa kudu.

A can bayan ayarin akwai Ige, matar Nomau ɗan Sarkin Ruwa, ɗauke da tulun ruwan sha. Ita ɗiyar manoma ce daga wani garin tudu, ko iyo ba ta iya ba. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, balle magana. In ya shigo ta ƙofa ita ta ɓuya bayan rumbu. Sunansa kuwa ko a zuciya ba ta faɗa. In akwai abin da ya zama dole ya ji daga gare ta, sai ta raɗa wa Goggo Tumba, ƙanwarsa, ita kuma ta kai, ta ƙara da nata gishirin.

"Ke Ige," in ji Goggo Tumba suna tafe, "wai bakin nan naki aro aka ba ki ne, kike tsoron ya ƙare? Tun safe ni kaɗai nake ta zuba kamar mahaukaciya."

Ige ta yi murmushi ta gyara gammonta.

"Ka gani ko! Haƙora kawai. Wallahi da Nomau ya auro tulun nan, da mun fi shan hira."

Suka yi ta tafiya har aka daina lissafin kwanaki. Suka wuce wani wuri inda kadoji suka jeru bakin gaɓa sun bushe ƙayau, duk kawunansu na kallon kudu. Suka wuce wani daji inda in ka kanga kunne a ƙasa za ka ji ruwa na gudu can ciki kamar ana korarsa. Daga nan suka iso wani fili na farin rairayi mai faɗi, inda wani babban kogi ya taɓa ratsawa. A tsakiyar rairayin ga wani dogon mutum a tsaye cikin jirgi yana tuƙi, jirgin na tafiya sumul, shi kuwa ba shi da inuwa.

Ya ce, "Ya ku masu zuwa da ƙafa, ku tsaya. Nan ruwa ne, ko da idanunku ba su gan shi ba."

Wani daga cikin masuntan ya yi dariya, ya kora jakinsa gaba. Jakin ya taka rairayin, ya nutse har kunne, ƙasa ta yi ɓul-ɓul ta rufe. Ba wanda ya ƙara dariya. Aka shiga jirgin, mutane da dabbobi, jirgin bai cika ba.

Suna tsakiya Sarkin Ruwa ya ce, "Ya kai mai fito, ina gulabe suka tafi?"

"Ubansu ne ya kira su."

"Biki ake yi a gidan?"

Mai fiton ya ci gaba da tuƙinsa. Sai da ya kai su gaɓa ya ce, "Ni dai ban ga an wuce da goro ba."

Bayan nan iska ta canza wari. Hanya ta bi ta gefen wani dutse mai tsawo, wanda giginyu suka tsaya a jikinsa. Mutane duk idonsu na ƙasa suna bin sawun ruwa. Ige na baya kamar kullum, sai wani ɗigo ya faɗo mata a leɓe. Ta lasa, gishiri ne zalla. Ga sama tas babu ko gajimare. Ta ɗaga kai.

A can ƙololuwar wata giginya akwai jirgi a maƙale, cike da mutane a zaune. Tufafinsu sharaf da ruwa, ciyawa ta nannaɗe musu gashi, ƙaguwa na yawo a kafaɗunsu ba mai korar ta. Wani tsoho ne a gaba, da kwandon kifi a cinyarsa, kifin har yanzu yana buɗe baki yana rufewa.

Ige ta ja da baya. Amma an koya mata ba a wuce manya ba gaisuwa, don haka ta sauke tulu ta durƙusa.

"Sannunku da hutawa."

"Ba hutawa muke ba, ɗiyar tudu," in ji tsohon. Muryarsa kamar daga cikin rijiya. "Mutane da yawa sun wuce ta nan, ke ce kika ɗaga kai."

"Baba, wa ya hau da ku can?"

"Wanda za ku wurinsa. Garinmu yana can ƙasa, daidai inda za ku sauke kaya. Wata rana ƙasa ta yi rawa, ta daɗe tana yi, har tukwane suka zube daga kan murhu. Awakinmu suka tsinke igiya suka hau dutsen nan, muka bi su da zagi. Can sai Babban Ruwa ya ja da baya, ya yi nisa, ya bar kifi zube a ƙasa. Muka ce rabo ne ya zo. Ga kifin nan, har yau ban ci ba."

Ige ta ce, "To da me ya kamata ku yi?"

"Mu bi awaki. Ki ji da kyau, ɗiyar tudu. In ƙasa ta motsa a bakin ruwan nan, kada ki tsaya ɗaure kaya. In kin ga ya ja baya, ba tafiya ya yi ba, numfashi yake ja. Ki nemi tudu da ƙafarki, ki ja duk wanda hannunki ya kai. Kuma ba sau ɗaya yake zuwa ba. Ni na tsere wa na farko. Saukowa na yi neman matata."

Wata tsohuwa da ke bayansa ta ɗago kai, ruwa na zuba daga kunnenta. "Ni kuwa ina kan dutse ina ta ƙwala masa kira. Da na ga kurma ne, na bi shi."

"Me zan saka muku da shi?" in ji Ige.

"Ruwan daɗi. Gishiri ya ishe mu."

Ta buɗe tulun. Ruwan ya miƙe da kansa kamar igiya, ya hau sama har cikin jirgin, ta ji suna sha suna ajiyar zuciya. Da ta sake duba wurin, jirgi ne kawai tsoho, ya ruɓe, tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki.

Ta cim ma ayari tana haki, ta ja Goggo Tumba gefe ta gaya mata duk abin da ta gani.

Goggo ta leƙa tulun. "Kin zubar mana da ruwa dai, shi ne kika ƙago tatsuniya. Ashe kin iya magana in kin yi ɓarna!"

"Goggo, don Allah ki gaya wa Baba."

"In gaya masa me? Mutumin da kada ke kauce wa hanya, in je in ce masa surukarsa ta ce ya koyi ruwa wurin awaki? Ke, ina son sauran haƙorana."

Da suka tsaya hutawa ta gaya wa Nomau. Ya saurare ta har ƙarshe, ya taɓa goshinta. "Rana ce ta buge ki. Baba ya san ruwa, Ige. Ki kwantar da hankalinki."

Suka gangara, suka fito daga cikin itatuwa, sai ga Babban Ruwa.

Ruwa ne ba shi da wancan ƙetare, ya tafi har ya haɗu da sama. Yana zuwa yana komawa, yana zuwa yana komawa, kamar ƙirjin mai barci. Wani ya ɗiba ya kurɓa, ya tofar. Sarkin Ruwa ya shiga har gwiwa, ya jefa farin goro, ya yi sallama irin wadda yake yi wa gulbinsu. Ruwan ya maido masa da goronsa bakin gaɓa.

Suka kafa bukkoki a kan rairayi, kusa da wasu kufai da suka nutse rabi a ƙasa. Kullum Sarkin Ruwa na sallama, kullum goro na dawowa. Ige kuwa duk inda ta zauna sai ta juya ta auna nisan dutsen da ido.

Wata rana da hantsi tana tuƙa tuwo, sai ta ga ruwan da ke cikin ƙwarya yana rawa. Kafin ta ɗago, ƙasa ta ɗauka. Ba girgiza ɗaya ba ce a wuce. Yi take kamar ana tankaɗe, mutum ya miƙe ya faɗi, ya sake miƙewa ya sake faɗi. Tukunya ta kife a wuta. Mata na salati, yara na ihu. Jakuna suka tsinke dabaibayi suka yi dutse a guje, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya suka bi bayansu.

Sai komai ya tsaya. Shirun da ya biyo baya ya fi girgizar ban tsoro, don ko ƙarar ruwan nan da suka saba ji dare da rana babu ita.

Ige ta kama hannun Goggo Tumba. "Goggo, shi ne! Mu hau dutse!"

Amma Goggo ba ita take kallo ba. Ta saki baki tana nuna gaba.

Babban Ruwa yana tafiya. Yana ja da baya da sauri, yana tsotse rairayi, yana barin duwatsu da ciyayi da wasu halittu masu ƙafafu barkatai suna mutsu-mutsu. Ga kifi ko'ina. Kifin da ba su taɓa gani ba, wani ya kai girman ɗan maraƙi, yana ta dukan ƙasa da wutsiya. Can gaba kuma, inda ɗazu ruwa ne mai zurfi, wani birni ya fito, ganuwarsa fara fat, ƙofofinsa duk a buɗe, ruwa na tsiyaya daga tagoginsa.

To a Tungar Kanya, in rani ya yi ruwa ya ja, ranar ce babbar rana. Makaɗi ya buga ganga, kowa ya ɗauki homa ya faɗa su, wato kamun kifi na gayya, wanda ya tsaya a gaɓa har shekara ta zagayo ana yi masa waƙa. Mutanen nan sun daɗe ba su riƙe ɗanyen kifi ba. Ba wanda ya ba da umarni. Makaɗi ya ji hannunsa ya hau ganga da kansa, ƙafafu kuma suka bi kiɗan. Maza da mata da yara suka kwarara cikin gidan ruwan suna guɗa.

Goggo ta fizge hannunta. "Sake ni, ɗiyar manoma! Ke ba ki san daɗin wannan ba!"

Ige ta waiwaya. Ga dutse a bayanta, hanya a buɗe, ita kaɗai za ta kai da wuri. Ta juyo ta ga Nomau can cikin taro yana kokawa da wani ƙaton kifi yana dariya. Ta tattare zanenta ta bi su, ƙafarta na nutsewa cikin laka mai sanyi.

A ƙofar birnin wata mace ce a tsaye, ta fi kowane namiji tsawo, da koren zane, ruwa na gangarowa daga gashinta ba ya ƙarewa. Sarkin Ruwa ya tsaya gabanta ya dogara zagonsa, mashin nan nasa na farautar ruwa.

"Ya ke mai tsaron gidan nan, ni ne Bagudu ɗan Barmu, Sarkin Ruwan Tungar Kanya. Gulbina nake nema."

"Maraba da ɗan Barmu. Gulbinka yana wurin ubansa, lafiya lau."

"Kifin nan da ke zube fa, na wane ne?"

"Na wanda ya ɗauka. Ku shigo, baƙi. Duk abin da hannunku ya taɓa naku ne, babu mai hana ku."

Sarkin Ruwa ya yi godiya irin ta manya. A wurinsu ba a mai da kyautar mai masauki. Wasu samari suka wuce ta gefensa suka shige lungunan birnin.

Ige ta raɓo ta bayan wani dutse don kada surukinta ya gan ta, ta durƙusa gefen matar. Muryarta da ƙyar ta fita.

"Ranki ya daɗe, mai gidan fa?"

Matar ta sunkuyo. Idanunta ba su da fatar rufewa, kamar na kifi.

"Tun da nake tsaron ƙofar nan ba baƙon da ya taɓa tambaya. Ya fita."

"Yaushe zai dawo?"

"Ai ya riga ya juyo. Saurara."

Ige ta kasa kunne. A ƙarƙashin ganga, a ƙarƙashin guɗa, akwai wata ƙara can nesa, mai kauri, kamar shanu dubu na gudu a kan fako. Ta leƙa bayan birnin ta ga wani farin zare ya miƙe daga wannan gefen duniya zuwa wancan.

Ta miƙe. Goggo ta yi nisa, ta danne wani kifi da gwiwa tana zaginsa. Nomau ba zai ji ta ba. Mutum ɗaya ne in ya ce a juya za a juya, ga shi nan ya ɗaga ƙafa zai shiga ƙofar.

"Baba!" ta ce.

Duk garin Baba suke ce masa, kuma ganga ta cinye muryar. Bai ko waiwaya ba.

"Baba!"

Ƙafarsa ɗaya ta shiga ciki.

Ige ta rufe ido. Ta ji kamar za ta tuɓe zane a tsakiyar kasuwa. Ta buɗe baki da duk ƙarfin da Allah Ya ba ta.

"Bagudu! Bagudu, tsaya!"

Ganga ta mutu a hannun makaɗi. Wata mata ta saki kwandonta. Har yara suka yi tsit, don ko su sun san abin da aka yi. Nomau ya miƙe tsaye, fuskarsa ta yi toka.

Sarkin Ruwa ya juyo a hankali. "Sunana kika kira, yarinyar nan?"

"Na kira." A karon farko ta dube shi cikin ido. "Ruwan yana dawowa. In ƙarya nake, ka mai da ni gidan ubana yau ɗin nan. Amma ka dubi bayan birnin nan, ka dubi inda jakunanmu suke."

Ya ɗaga kai. Jakunan na can kan dutse sun jeru, kunnuwa a tsaye, duk suna kallon wuri ɗaya. Ya durƙusa ya dafa rairayin da tafin hannunsa, kamar yadda yake dafa gaɓar gulbi in ana jiran ambaliya. Bai daɗe ba ya cire hannun kamar ya taɓa wuta. Ya dubi doguwar matar. Tana nan tsaye tana murmushi.

"Makaɗi! Kiɗan kada!"

Wannan kiɗa ne da ake yi in kada ya ɓullo ana tsakiyar su, duk wanda ya ji shi ba ya tambaya, gaɓa yake yi. Ganga ta ɗauka, taro ya juya.

"A yar da kifi!" Sarkin Ruwa ke ihu. "A ɗauki yara! Dutse, dutse! Kada wanda ya tsaya bukka!"

Gudu a cikin laka ba gudu ba ne. Ƙafa na shiga, sai an fizgo ta. Ige ta sunkuci wata yarinya da ta faɗi ta saɓa a kafaɗa. Ga Goggo Tumba ta ɗora ƙaton kifinta a ka tana tafiya tinƙis-tinƙis.

"Goggo, yar da shi!" in ji Nomau.

"Uwarka ce ta kama mini?"

Ya kaɓe kifin ya faɗi, ya goya ta tana dukan bayansa. Suka wuce bukkoki, suka wuce tuwon da ke ƙonewa, suka kama hawa. Ƙarar nan yanzu ta cika duniya, har mutum ba ya jin numfashinsa. Iska mai sanyi ta bugo su ta baya. Suka yi ta hawa da hannu da ƙafa, ƙaya na yagar su, har suka wuce giginyu suka kai inda jakuna suke. Nan Ige ta sauke yarinyar ta juya.

Bango ne baƙi ƙirin, da farin kai, ya fi ganuwar birnin tsawo. Ya haɗiye birnin da mai tsaronsa, da samarin da suka shige lungu ba su ji ganga ba. A jikinsa ruwaye kala-kala ne a murɗe, kowanne da muryarsa. Sarkin Ruwa ya nuna wani jan ruwa a ciki.

"Ga shi can. Ga gulbinmu can."

Gulbin bai ko dube su ba. Ruwan ya hau rairayi, ya kwashe bukkoki kamar ɓawon gyaɗa, ya tumɓuke itatuwa, ya daki gindin dutsen har suka ji a ƙafafunsu. Ya hau, ya hau, ya tsaya. Sannan ya koma yana jan komai da shi.

Iyayen samarin nan suka fara kuka. Sauran suka zube ƙasa suna haki. Da aka jima wuri ya yi shiru, rana ta fito kamar ba abin da ya faru. A gindin dutsen ga kayansu warwatse, tabarmi da ƙore da taru, ga kifi ya ninka na ɗazu.

Sarkin Ruwa ya ce kada kowa ya motsa. Amma Goggo Tumba ta hango wani abu yana ƙyalli a cikin laka.

"Tasata ce! Tasar jan ƙarfen da innarmu ta bar mini!"

Ige ta riƙe gyalen Goggo. "Goggo, sun ce ba sau ɗaya yake zuwa ba. Na biyun ne ya ci su."

"Ke, kin yi magana sau ɗaya an ji, to ya isa haka. Kada ki mai da shi sana'a. Ga ta can kusa, yanzu zan dawo."

"Goggo, don girman Allah."

"Sake ni, mara kunya. Ɗazu kika kira sunan yayana gatsal, yanzu kuma ni za ki tsare?" Ta faɗa tana 'yar dariya, ta zame ta bar gyalen a hannun Ige, ta bi ta bayan wani dutse inda yayanta ba zai gan ta ba.

Ige ta yi ihu. Kafin mutane su gane abin da ake ciki, Goggo ta kai ƙasa. Ta ɗauki tasar ta ɗaga sama tana nuna musu. A bayanta farin zaren nan ya sake miƙewa.

Nomau ya zabura zai gangara. Ige ta faɗi ta rungume ƙafarsa da hannu biyu. Ya ja, ta ƙi saki, ya ja ta a ƙasa har gwiwarta ta fashe.

"Nomau," in ji Sarkin Ruwa, idonsa na kan ƙanwarsa. "Zauna."

Goggo ta juya, ta gani. Ta fara gudu da tasar a hannu.

Na biyun ya fi na farko. Ya hau har kan giginyu, feshinsa ya jiƙa musu fuska. Da ya koma, babu tabarma, babu ƙwarya, babu Goggo Tumba.

Rana ta take tsaka, ta fara karkata. Babu inuwa a kan dutsen, babu ruwan sha, yara sun yi kuka har muryarsu ta dishe. Ruwan ya kwanta lumui, yana zuwa yana komawa a hankali kamar ranar da suka fara ganinsa. Wani mai kaifin ido ya hango zane a maƙale jikin wata bishiya can ƙasa, da abin da ke cikin zanen. Maza suka fara gunaguni, suna cewa ai yanzu kam ya gama, ba za a bar gawa a rana ba.

Ige na zaune gefe guda ta lulluɓe fuskarta da gyalen Goggo. Ta ji takun ƙafa ya tsaya kusa da ita. Ta san takun, shi ne wanda take gudu ta ɓuya bayan rumbu. Yanzu babu rumbu.

Sarkin Ruwa ya tsuguna.

"Ige," ya ce. "Ƙanwata tana can ƙasa. Ni na goya ta tana jaririya. Ina so in rufe ta da hannuna kafin rana ta faɗi. Ni gulbi na sani, wannan ban san shi ba. Ki gaya mini, in sauka?"

Ta yaye gyalen kaɗan. Ta ga idanunsa sun yi ja. Ta san abin da yake so ta ce, kuma duk tarbiyyar da aka yi mata tana cewa ta faɗa masa shi. Ta dubi ruwan ta daɗe.

"A'a, Baba," ta ce. "Tukuna."

Ya dubi inda zanen yake. Sannan ya ajiye zagon, ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya rufe fuskarsa da tafukansa. Mazan da suka miƙe suka koma suka zauna ɗaya bayan ɗaya.

Can ƙasa, a bakin rairayi, ruwan ya fara ja da baya.